Tambaya da Amsa: "Na dawo daga Adre, tuwon gidana ya gagare ni ci"

Wasiƙun wannan fitowa mafi yawansu daga masu karatu suke waɗanda tafiya ta kai su wata ƙasa, suka ga rashi da idonsu, suka dawo gida zuciya ba daɗi. Malamin fiƙihu da jami'in gona da ma'aikaciyar kula da abincin yara da ke taimaka wa wannan fili su ne suka haɗu suka ba da amsa. Mun taƙaita wasiƙun, mun kuma sakaya sunaye.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni direban tirela ne. An yi mini lodin buhunan abinci zuwa gabashin Chadi, har Adre. Na ga mata sun jera jarkoki tun kafin asuba, layin ba ka hango ƙarshensa. Tun da na dawo, in na ga yarana sun bar famfo yana zuba ko suna wasa da tuwo sai raina ya ɓaci, in yi ta faɗa. Maiɗakina ta ce na canza. Ni kuwa so nake su san ni'imar da suke ciki. Yaya zan yi?
Direba, Hausare, Garwa

Amsa: Wa alaikumus salam, malam direba, sannu da hanya. Abin da ka gani ba ƙarami ba ne. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023, dubban ɗaruruwan mutane suka tsallako Chadi, da yawansu daga El-Jenena ta Yammacin Darfur, kuma Adre ce babbar ƙofar shigowarsu. Sun tarar da waɗanda rikicin 2003 ya koro, har yau suna zaune a sansanoni irin su Farshana. Ƙa'idar da masu aikin agaji ke bi ita ce a sama wa kowane mutum aƙalla lita 15 ta ruwa a yini, sha da girki da wanka da wanki duk a ciki, kada kuma tsayuwa a layi ta wuce minti 30. Abinci ana lissafa shi a kan kalori 2,100 ga mutum guda, wato hatsi giram 400 zuwa 450, wake wajen giram 50, mai cokali biyu, da ɗan gishiri. Wannan fa idan kuɗin agaji ya isa ke nan. In ya gaza, daga cikin wannan ɗin ake ragewa.

To amma yaranka ba su je Adre ba, kai ka je. Gani ya kori ji. Tsawa ba za ta sa su ga abin da ka gani ba, iyakarta ta koya musu ɓoye ragowar tuwo a bayan randa kafin Baba ya shigo. Sannan zafin da kake ji a zuciya ba mai daɗewa ba ne. Nan da wata biyu ko uku zai huce, kai kanka ka koma wanke mota da tiyo a buɗe. Abin da zai rage shi ne tsarin da ka kafa a gida tun zuciyar na da zafi, don haka can za ka mai da ƙarfinka.

Malamai sun ce godiya ƙafa uku take tsayawa a kai: zuciya ta san ni'imar daga Allah take, harshe ya faɗa, gaɓoɓi su yi aiki da ita inda Mai bayarwa ya yarda. Na farko da na biyu ka riga ka samu. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya ishe ka abin karanta wa iyali: wanda ya wayi gari cikin aminci a gidansa, da lafiya a jikinsa, yana da abincin yininsa, to kamar an tattara masa duniya ne. Na ukun shi ne mai buƙatar awo.

Ku fara da ƙirga ruwan gidanku na mako guda. In a jarka kuke saye wajen masu kura, a ninka yawan jarkokin yini da lita 20 ko 25, a raba da yawan mutanen gida. In mita gare ku, a rubuta lambar da ke jikinta yau da safe, a sake rubutawa bayan kwana 7. Kowane kubik ɗaya lita 1,000 ne. Gida mai mutum 8 da ya ci kubik 4 a mako, kowane mutum yana kan lita 71 a yini ke nan. Ka ba babban ɗanka alli ya rubuta 71 a bangon tsakar gida, kusa da shi ya rubuta 15, sannan ka cika bokiti da lita 15 ka ajiye a gabansu ka ce wannan ne rabon yaro kamarku daga safe zuwa safe. Kada ka ƙara komai a kai. Su za su yi tambayar da kansu.

Ba cewa muke ku koma lita 15 ba. Wannan ma'aunin halin ni-'yasu ne, kuma gidan da ya tsuke ruwan wanke hannu da sabulu ko na wanke kwanukan yara, gudawa da kwalara yake gayyata. Ɓarnar da ake nema tana wasu wurare, kuma mafi yawa ba yara ke yin ta ba. Da dare ku rufe duk famfunan gida, ka duba mita, ka sake dubawa da asuba. In lambar ta motsa, akwai yoyo, ko dai a bututun ƙarƙashin ƙasa ko a tankin ban-ɗaki. Famfon da ke ɗiga kuma ka tara masa gorar lita ɗaya da rabi. In ta cika cikin awa guda, lita 36 ke tafiya kowace rana, fiye da rabon mutum biyu a Adre. Gyaran ba wuya: rufe babban makunni da ke kusa da mita, kwance kan famfon da sifana, ciro 'yar robar da ta cinye a ciki, kai ta shagon kayan famfo a ba ka daidai girmanta, ka naɗa farin tef a maɗaurin kafin ka mayar. Abin da ke cinye robar shi ne murɗe famfo da ƙarfi wajen rufewa. In an sa sabuwa ɗigon bai tsaya ba, mazaunin robar ne ya lalace, sai a sauya kan gaba ɗaya.

Sai alwala. Ya tabbata cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, yana alwala da mudu ɗaya, yana wanka da sa'i ɗaya zuwa mudu biyar. Mudun nan bai kai lita guda ba. Ka tara roba a ƙarƙashin famfo ka yi alwalarka yadda ka saba, ka auna abin da ya taru, sannan ka gwada da rabin buta. Wannan gyara daga kanka zai fara, kuma shi ne wanda yara suka fi saurin kwaikwaya.

Batun tuwo kuwa, ka zauna da maiɗakinka cikin lalama, don ita ke riƙe da awo. Yawancin ragowar abinci daga zuba wa yaro malmalar babba take fitowa. A zuba kaɗan, mai son ƙari ya nema. In kwana uku a jere ana samun ragowa, a rage tafin hannu ɗaya na gari daga awon kullum, a riƙa zuba shi a wani kwano daban, ranar Juma'a yaran da kansu su kai wa wanda kuka san yana bukata a unguwa.

Abu na ƙarshe game da kai kanka. In bayan wata guda har yanzu barci na gagararka, ko abin da ka gani yana dawo maka a mafarki, ko kana jin saurin fushin da ba halinka ba, je ka ga likita. Direban da ba ya samun barci hatsari ne a kan hanyar Garwa zuwa Ngaundare.

Tambaya: Na je ta'aziyya Bama ta hanyar Banki, na tarar da 'yan'uwa da suka koma gida bayan gudun hijira suna cin abinci sau ɗaya a yini. Ni kuwa kowace shekara sai na zubar da wake buhu guda ko biyu saboda ƙwari, ga ragowar abinci da ke lalacewa da zafi. Kunya ta kama ni. Ina mafita?
Hajiya, Domayo, Marwa

Amsa: Hajiya, Allah ya jiƙan wanda ya rasu, ya ba ku haƙuri. Maganin ƙwarin wakenki a garinku aka gano shi. Dabarar buhu mai ruɓi uku, wadda yau ake sayarwa da sunan PICS a ƙasashe da dama, ta samo asali ne daga aikin da masu binciken noma na Marwa suka yi tare da Jami'ar Purdue ta Amurka tun ƙarshen shekarun 1980. Leda biyu ne masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. Ba a sa magani ko kaɗan. Ƙwarin da ke cikin waken su ke shaƙe 'yar iskar da ta rage, sai su daina ci, su daina haihuwa, su mutu.

Ƙwaron tun daga gona yake shigowa, ƙwansa na manne a jikin ƙwayar, shi ya sa wake mai kyan gani a kaka yake zama gari kafin bazara. Don haka kada a jira a ga huji. Da an sussuke a sheƙe, a shanya har ya bushe ƙayau. Ga yadda ake gane bushewa: a samu kwalba busasshiya, a zuba wake ko dawa zuwa sulusinta, a ƙara gishiri busasshe cokali biyu, a rufe a girgiza, a bar ta kamar kwata na awa, a sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran danshi, a mayar rana. In aka ɗaure hatsi mai danshi a leda, ruɓewa zai yi, ya yi tsami da funfuna, asarar ta fi ta ƙwari.

Kafin zubawa a duba kowace leda: a buɗe ta ta cika da iska, a riƙe bakin a matsa, in ta saɓe akwai huji. A sa ɗaya cikin ɗaya, a sa su cikin buhun saƙa, a zuba a hankali ana girgizawa don ya zauna. Kada a cika har baki, a bar wajen tsawon tafin hannu biyu. A matse iskar ledar ciki, a murɗe bakin, a lanƙwasa shi, a ɗaure. Sannan a yi wa ta biyu haka ita kaɗai, sannan buhun waje. Masu haɗa ukun su ɗaure da igiya guda su ne ke dawowa suna cewa buhun ba ya aiki. A ɗora a kan katako, nesa da bango, a share wurin saboda ɓera, don huji ɗaya ya isa ya ɓata aikin. Kuma ba a buɗewa ana ɗiba kullum. Na cin wata guda a ware shi daban tun farko.

In buhun bai samu ba, jarkar mai da aka wanke ta bushe sarai tana yin aikin, matuƙar an cika ta har wuya kuma murfin na da robarsa. Ga ɗan kaɗan kuma, kamar iri, akwai dabarar toka: tokar murhu da ta huce, a tankaɗe, a gauraya kwano ɗaya na toka da kwano ɗaya na wake a tulu, a rufe saman da toka mai kaurin yatsu biyu.

Abin da muke roƙon ki guje masa shi ne ƙwayar nan mai fitar da hayaƙin guba da wasu ke jefawa cikin buhu a ɗakin da ake kwana. Iskarta tana ratsa buhu, kuma ta sha kashe mutane cikin barci, yara ne kan gaba.

Ragowar dafaffen abinci kuma, a zafin Marwa na Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, shinkafa ce mafi hatsari. In ta yi sa'o'i a ajiye ba firji, akwai ƙwayar cuta da ke zuba dafi a cikinta wanda ɗumamawa ba ta kashe shi. Saboda haka shinkafar da aka ga za ta ragu, a bayar tun da ɗuminta, cikin awa ɗaya zuwa biyu. Miya a sake tafasa ta kafin a kwanta, a rufe, kada a sake sa cokali, da safe a kuma tafasawa. Tuwon da ya ragu a fasa shi falle-falle a faranti, a rufe da yadi mai shara-shara saboda ƙuda, a shanya, ya shiga cikin ƙanzo. Masara ko gyaɗar da ta yi funfuna kuwa, zubar da ita ba almubazzaranci ba ne. Dafinta hanta yake ci, wuta ba ta kashe shi, kuma bai halatta a miƙa wa almajiri abin da ba za a ba ɗan cikin gida ba.

Tambaya: Allah gafarta Malam, ina da shago a Kuseri, ina kuma noman masakwa da albasa. Bayan abin da na gani a Abeshe, ina so bana in aika zakkata can. Ya halatta, tun da wata ƙasa ce? Kuma nawa ne a kaina?
Ɗan kasuwa, Kuseri

Amsa: Alhaji, iyakar ƙasa ba ta cikin lissafin fiƙihu. Abin da ake dubawa nisa ne da kuma tsananin bukata. A mazhabar Malikiyya ana raba zakka a inda ta wajaba ko kusa da shi, wato ƙasa da tafiyar ƙasaru, wajen kilomita 80. Ka ga Njamena, da ke tsallaken gadar Ngeli, tana cikin kusa duk da cewa wata ƙasa ce, Marwa kuwa tana cikin nesa duk da cewa Kamaru ce. Abeshe da Adre nesa ne ƙwarai, to sai a duba hali. In na can sun fi na nan shiga matsi, ana kai musu mafi yawa, a raba sauran a gida. In daidai suke, kaiwa makaruhi ce amma ta isar. In na gida sun fi bukata aka tsallake su, ba ta isar ba. Kai ka ga wurin biyu da idonka. Sai dai kafin ka yanke, ka tuna yankinku na Logon-da-Shari cike yake da waɗanda rikici da ambaliya suka raba da gidajensu, kuma makwabcin da ke rufa wa kansa asiri ba ya tsayawa a layi ka gan shi.

Lissafin shago: nisabi giram 85 ne na zinariya, ko giram 595 na azurfa. Ka tambayi maƙeran zinariya farashin giram a ranar da shekararka ta cika, ka ninka da 85. Mai shago irinka, da kaya ke shiga suna fita kullum, yana yi wa hajarsa kuɗi sau ɗaya a shekara bisa farashin kasuwa na ranar, ba farashin da ya saro ba. Misali kaya sun kama sefa 7,000,000, kuɗin hannu da na waya da na banki 3,500,000, bashin da kake bi mai tabbas ɗin dawowa 1,000,000. Jimla 11,500,000. Ana bin ka 1,500,000, kuma ba ka da wata kadara ta daban da za ta rufe bashin, sai a cire, saura 10,000,000. Zakka sefa 25 ce a kowace 1,000, wato 250,000. Kanta da sikeli da firji da babur ɗin kai kaya ba sa shiga lissafi. Kuskuren da aka fi yi shi ne mantawa da kuɗin da ke cikin waya, da kuma ƙirga shekara da watannin bature. Da watan Musulunci ake ƙirgawa.

Masakwa, wato dawar rani, nisabinta wusuƙi 5 ne, sa'i 300, wato mudun Annabi 1,200, abin da ake kimantawa da kilo 650 da ɗoriya, buhu shida da rabi na kilo 100. Kada ka auna da koron kasuwa ka ce mudu ne, girmansu ba ɗaya ba. Tun da danshin ƙasa take sha ba ban-ruwan inji ba, ɗaya cikin goma ake fitarwa, ranar da aka gama sussuka, ba a jiran shekara. Buhu 30, zakka buhu 3. Abin da aka shayar da injin ban-ruwa ɗaya cikin ashirin ne. Dawa da gero da shinkafa kowanne nisabinsa daban, ba a haɗa su don a cike. Albasa babu zakka a kanta ita kanta, haka auduga, sai a kuɗin da aka sayar in ya kai nisabi kuma ya shekara.

Wajen aikawa nan ne ake yawan tafka asara. Kuɗi ya fi kaya sauƙi, tun da sefa ɗaya muke kashewa da Chadi, babu canji, kuma hayar motar da za ta kai buhu uku gabas na iya cinye rabin darajarsu. Dawar ka raba ta a nan, kuɗin shago ka aika. Ladan aikawa daga aljihunka zai fito, ba daga cikin zakkar ba: in 200,000 ka yi niyya, 200,000 za ta isa hannun masu ita. Ka wakilta mutumin da ka sani ido da ido, ka gaya masa zakka ce don ya san irin waɗanda zai ba, ya rubuto maka gida nawa da nawa-nawa. Kada ka tura wa lambar da ta zo da hoton yaro a WhatsApp. Hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka fi sani da HCR a nan, tana da asusun zakka tun 2019, ga wanda ba shi da wakili.

Kada wakilinka ya tsaya a bakin sansani yana miƙa kuɗi. Masu ƙarfi ne za su samu, a tattake tsofaffi. Ya bi ta hannun shugabannin unguwannin sansanin da limamai, ya kai gida-gida. Zakka haƙƙin mutum ce da ake damƙa masa, ba a haƙa rijiya ko gina masallaci da ita, wannan aikin sadaka ne, ita kuwa sadaka ƙofarta a buɗe take ga Musulmi da wanda ba Musulmi ba. Madarar gari ta jarirai da ragowar magungunan gida kada su shiga cikin kayan taimako. Madarar da aka dama da ruwa marar tsabta gudawa take sa jariri, ta kuma sa nonon uwa ya janye.

Tambaya: Ni ɗaliba ce. In na ga mai wahala na ce "Alhamdu lillahi da ba ni ba ce", sai in ji kamar ina murna da halin da yake ciki. Kuma wata ƙawata ta ce tun da wasu ba su da ruwa sam, bai kamata mu yi ƙorafin ɗauke ruwa da wuta ba.
Ɗaliba, Ngaundare

Amsa: 'Yarmu, wannan ɗar-ɗar da kike ji alama ce mai kyau. Addu'ar ganin wanda aka jarraba ta zo a hadisi: "Alhamdu lillahillazi afani mimmabtalaka bihi, wa faddalani ala kasirin mimman khalaƙa tafdila." Malamai sun ce a yi ta a asirce yadda ba zai ji ba, don kada a ƙara masa ciwo. Daga nan za ki gane hukuncin ɗaukar hoton mabukaci a sa a Facebook da rubutun "mu gode wa Allah". An mai da mutum allon wa'azi ba da izininsa ba. Cikin waɗanda ke layin ruwan nan na Adre akwai malaman makaranta da 'yan kasuwa da ma'aikatan asibiti, da gidajensu da motocinsu kafin yaƙi. Mutanen Yagwa da ruwa ya ci gidajensu a 2024 su ma ba su kwana da shirin haka ba.

Ƙawarki kuwa ta haɗa abu biyu da ba su haɗu ba. Umarnin da ya zo a hadisi na a dubi na ƙasa an yi shi ne don kada a raina ni'imar Allah, ba don a yafe wa ma'aikaci aikin da aka biya shi ya yi ba. Wanda ya biya kuɗin ruwa famfo ya bushe, ya gode wa Allah da rijiyar makwabta, ya kuma rubuta takardar ƙorafi.

Tambaya: Na raka mijina Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, na ga yara masu tamowa. Da na dawo sai na lura ɗan makwabciyata, mai shekara ɗaya da rabi, ya fara kama da su: gashi ya yi ja, ba ya wasa. Ina jin nauyin yi mata magana.
Uwargida, Mayganga

Amsa: Uwargida, tafiyarki ta yi amfani tun da ta buɗe miki ido a kan na kusa. Kada ki jira. Ma'aikatan lafiya na unguwa suna da ɗan tef mai launi uku na awon damtse, na yara daga wata 6 zuwa shekara 5. Ana aunawa a hannun hagu, tsakiyar kafaɗa da gwiwar hannu, hannun a sake, ba a matsewa ba a kuma barin sako-sako. Kore, daga santimita 12.5 zuwa sama, lafiya. Rawaya, tsakanin 11.5 da 12.5, tamowa ta fara. Ja, ƙasa da 11.5, mai tsanani ce. Akwai gwajin da za ki iya yi yau ba tef: danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa, ki ƙirga uku a hankali, ki ɗaga. In gurbin yatsa ya zauna a duka biyun, kumburin tamowa ne, ko da yaron ya yi kama da mai ƙiba, kuma asibiti za a nufa a ranar. Haka in ya ƙi cin komai, ko yana amai, ko zazzaɓi, ko ya yi laushi.

Kada tausayi ya sa a ɗura masa nama da ƙwai da maganin ƙarin jini lokaci guda. Jikin da ya daɗe cikin yunwa ba ya ɗaukar wannan, shi ya sa a asibiti da wata madara ta musamman ake farawa kaɗan-kaɗan. Wanda ke iya ci ana ba shi abincin leda na gyaɗa, Plumpy'Nut, kowane ƙunshi giram 92 mai kalori 500, gwargwadon nauyinsa. Magani ne. Abin da ke hana shi aiki shi ne raba shi da yayye, ko sayar da shi, ko daina zuwa awo da zarar kumatu sun ɗan fito. A ba shi ruwa mai tsabta tare da shi, a ci gaba da ba shi nono.

In rawaya ya nuna, kunu mai kauri na taimakawa: gero ko dawa kwano 6, waken suya 3, gyaɗa 1, a soya kowanne daban sama-sama, a cire ɓawon waken suyan, a niƙa tare. A dama da kauri yadda ba zai zube daga cokali ba, a sa ƙaramin cokali na mai, a ba shi sau 3 zuwa 4 a yini ban da 'yar ayaba ko gwanda a tsakani, a kwanonsa shi kaɗai. Tsararon kunu cika ciki kawai yake yi.

Maganar nauyi kuma, kada ki ce mata ɗanki na da tamowa, don za ta ji kamar kin ce ba ta iya riƙo ba. Ki ce za ki kai naki awo, ta zo ku tafi tare. Garin kunun ki niƙa da yawa ki ce kin yi wa yara ne ya yi miki yawa. A sake awon damtsen bayan mako biyu. In bai motsa ba ko ya yi ƙasa, a koma wurin likita a binciki zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da tarin fuka, don sau da yawa wata cuta ce a ƙarƙashi take hana abincin kama jiki.